Atisayen Motsa Jiki a Wasan Kwaikwayon Haɗin Gwiwa

Wasan haɗin gwiwa shi ne wasan kwaikwayon da 'yan wasa ke ƙagowa da kansu a filin gwaji, babu rubutaccen labarin da marubuci ya miƙo musu. Ɗaya daga cikin hanyoyin samo abin da za a gina wasan a kai shi ne atisayen motsa jiki: a fara motsi tukuna, ma'ana ta biyo baya. In aka zauna shawara da fatar baki, mutum biyu ko uku masu kaifin harshe ke cinye zaman, kuma sau da yawa abin da suka gani a fim suke maimaitawa.

Jacques Lecoq, malamin wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Faransa, ya buɗe makarantarsa a Paris a 1956, ya kafa koyarwarsa kan jiki. Augusto Boal, daraktan wasan kwaikwayo na ƙasar Brazil, ya shahara da sa mutane su siffanta zalunci da jikinsu ba tare da furta kalma ba. A Najeriya, sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya soma haɗa wasa da mutanen karkara tun shekarun 1970. Bahaushe ma ba baƙo ba ne a nan, don 'yan tashe ba su riƙe takarda.

Mutum 6 zuwa 12 sun isa. Ana ɗumama jiki na minti 10 zuwa 15, sannan a yi ta zagaya fili, jagora yana kiran lamba daga 1, tafiyar hawainiya, zuwa 10, gudu. Da ya tafa hannu kowa ya sandare inda yake.

Atisayen da ya fi albarka shi ne na motsin sana'a. Kowa ya ɗauko aikin da ya sani, daka ko jima ko jan guga, ya yanka shi gida shida ya haddace. Jan guga, alal misali: sunkuyawa, sakin igiya, fizga, hannu bi hannu, ɗagowa, juyewa. Sai a maimaita ba igiya ba guga, a rage sauri, a ƙara nauyi, daga nan a tsayar da mutum biyu fuska da fuska. Masu kallo kan ce kishiyoyi suka gani, ko mai bin bashi da wanda ake bi. Labarin daga bakinsu yake fitowa, don haka rabin ƙungiya ke zama kallo, a tambaye su “Me kuka gani?”, ba a tambayar mai yi abin da yake nufi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne saurin fassara. Ɗan wasa ya riga ya ƙulla labari a ransa, sai motsin ya koma bebanci. Na biyu mantuwa: abin da jiki ya samo yau gobe ya gudu, sai an ɗauka a waya ko an sa wa kowane motsi suna a littafi.

A Sakkwato zafin Maris zuwa Mayu kan haura digiri 40, saboda haka da sassafe ko bayan la'asar ake gwaji, da ruwan sha a kusa, a share tsakuwa in ƙafa ba takalmi. Atisayen da ke buƙatar taɓa juna kuwa, ana raba maza da mata, ko a ba mutum biyu karan dawa guda, kowa ya tokare bakinsa da tafin hannu, su yi ta motsi kada ya faɗi.