Ba ka da albashi, wa zai biya maka asibiti? Tambayoyi da amsoshi kan inshorar lafiya a Jos

Ma'aikacin gwamnati idan ciwo ya kwantar da shi, wata na ƙarewa albashinsa zai shigo. Tela a Gangare, mai tumatir a Farin Gada, mai katako a Laranto, ɗan Keke da ke jigila a Bauchi Road, su ciwo sau biyu yake cinsu: ga kuɗin asibiti, ga sana'a ta tsaya cik. A ƙasar nan, cikin kowace naira 100 da ake kashewa a neman lafiya, fiye da 70 daga aljihun majinyaci da danginsa take fitowa. A wurin mai sana'a kuwa wannan aljihun shi ne jari. Ga tambayoyin da na fi jin mutanenmu suna yi idan an taɓo maganar inshora.

Malam, inshorar nan ba ta ma'aikatan gwamnati ce kaɗai ba?

Da su aka fara, shi ya sa tunanin ya zauna. An yi dokar NHIS, wato shirin inshorar lafiya na ƙasa, a 1999, amma sai a 2005, zamanin Obasanjo, ta fara aiki, kuma ma'aikatan tarayya aka soma yi wa rajista. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, aka kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya. Wajibcin dai a takarda ya fi ƙarfi, babu wanda zai zo shagonka da sammaci. Abin da ya shafe ka shi ne yanzu ƙofa huɗu ce a buɗe ga wanda ba shi da albashi: ta marasa ƙarfi wadda gwamnati ke biya, ta jiha, ta tarayya, da ta kamfanoni masu zaman kansu. Ƙarfin aljihunka da yawan iyalinka su za su nuna maka wadda za ka bi.

Ni abin da nake samu da ƙyar yake kai mu dare. Ina ni ina inshora?

Kai aka yi wa ƙofar farko. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa wani asusu, BHCPF, inda aka ce a riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi. Rabin asusun na biya wa marasa ƙarfi inshora ne, musamman mata masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da matalauta. A Filato hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, ce ke yin rajistar, kulawar kuma a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarka ake samunta.

Gaskiyar magana, gurbin bai kai yawan mabuƙata ba. Kuɗin kan ƙare kafin layi ya ƙare. Don haka kada ka zauna jiran a zo a same ka a gida. Je ka asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ka tambayi shugaban wurin ko suna cikin shirin da kuma lokacin da ake ɗaukar sunaye, ka sanar da mai unguwa halin da kake ciki. Idan ba za a ɗauki gidan duka ba, a fara da mai ciki da ƙananan yara.

Wani abu da mata da yawa ba su ji ba: a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa. Mai ciki ta tambayi wannan tun a wurin awo, ba sai naƙuda ta tsananta ba.

Ina samun rufin asiri daidai gwargwado. Ta jiha zan shiga ko ta tarayya?

Nan ne yawancin masu sana'ar Jos suke, don haka bari in ɗan tsaya.

PLASCHEMA hukumar jiha ce da aka kafa a 2019, zamanin Gwamna Simon Lalong. Bayan ma'aikatan jiha, tana da tsari na masu sana'ar kansu: ka biya kuɗin shekara a kan kowane mutum, ka zaɓi asibiti cikin waɗanda ta amince da su, a ba ka kati. Amfaninta shi ne kusanci. Ofishinta na cikin gari, kuma idan abu ya cije kana da inda za ka taka da ƙafarka ka yi magana. Iyakarta kuma ita ce iyakar jihar.

Ta tarayya sunanta GIFSHIP, an ƙaddamar da ita a 2020 lokacin da Farfesa Mohammed Nasir Sambo ke shugabantar hukumar, domin waɗanda ba sa cikin tsarin ma'aikata. A lokacin farashin naira 15,000 ne a kan kowane mutum a shekara, sai dai mutum ɗaya ba ya biyan 15,000 ya wuce. Wanda ya zo shi kaɗai 45,000 zai biya, ya haɗa da mutum biyu nasa. Iyali na mutum huɗu 60,000, ƙungiya kuma daga mutum 10 zuwa sama. Dalilin wannan sharaɗi a fili yake: idan aka bar kowa ya shigo shi kaɗai, marasa lafiya ne za su cika asusun, masu lafiya su zauna a gida, tukunya ta ƙone. Farashin ya tashi tun daga lokacin, kamar yadda komai ya tashi, don haka na bana a bakin ofishin NHIA za ka ji shi. Asibitocinta suna kowace jiha, wanda ya bar Jos ya koma Abuja ko Kano sauya asibiti kawai zai yi.

A ganina, wanda zamansa da iyalinsa duk a Jos ne ya fara leƙa ta jiha. Direban babbar mota, ko mai kai dankali da kabeji Kudu wanda rabin watansa a hanya yake, ya dubi ta tarayya da kyau. Amma kafin ka dubi farashi, dubi jerin asibitoci. Katin da asibitinsa ke Bukuru alhali kana Unguwar Rogo, ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi ƙarfe biyun dare cikin sanyin Disamba, kemis ɗin bakin layi za ka nufa, kuɗin shekara ya tafi a banza.

Mata biyu gare ni da 'ya'ya tara. Kati ɗaya zai ɗauke mu?

A'a. Ko a tsarin ma'aikatan tarayya, mai albashi da mace ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ake ɗauka, sauran sai an biya musu daban. A tsarin masu sana'a kuwa yawan mutane ake ƙirgawa. Ku mutum 12 ne, ko da tsohon farashin 15,000 aka lissafa, 180,000 ke nan a shekara.

Idan ba za ta yiwu gaba ɗaya ba, a bi ta kan wanda ya fi zuwa asibiti: mai ciki, ƙananan yara, mai sikila, mai hawan jini ko ciwon suga. Sai kai kanka, maigida. Magidanta kan cire kansu suna cewa su ƙalau suke, alhali ranar da suka kwanta gidan duka ne ya kwanta. A kuma yi adalci tsakanin ɗakuna, a faɗa wa kowa dalilin zaɓin, kada katin asibiti ya zama abin da za a kai gaban iyaye.

Kuɗina kullum-kullum yake shigowa. Ta yaya zan tara na shekara a dunƙule?

Wannan ita ce ainihin matsalar, ta ma fi tsadar. An gina inshora a kan mai albashi, wanda ake cirewa tun kafin kuɗin ya taɓa hannunsa. Naira 15,000 idan aka raba ta kwana 365 ba ta wuce naira 41 da 'yan kwabbai a rana ba. Ko farashin ya ninka sau uku, bai kai kuɗin shayi da burodin safe ba. Amma a ce wa mai faci ya ajiye ta mutum shida a teburi rana ɗaya, sai ya ce a bari sai wani watan, watan da ba ya zuwa.

Maganin yana hannunmu tun kaka da kakanni: adashi. Mata sun fi mu sanin wannan. A ware zubi guda, a ce kwasar nan ta kati ce, ba ta anko ba, ba ta gyaran mashin ba. Ƙungiyoyin sana'a kuma, na teloli, na makanikai, na 'yan Keke, na mahauta, dama suna karɓar kuɗin mako, kuma dama idan ɗan ƙungiya ya kwanta ana zagayawa da faranti. A mayar da farantin nan gaba da ciwo maimakon bayansa. A tsarin tarayya mutum 10 sun isa su yi rajista a matsayin ƙungiya. Sharaɗi ɗaya: kuɗi ya tafi asusun hukuma kai tsaye, kowa ya riƙe rasit ɗinsa da katinsa, kada a tara a hannun mutum ɗaya a ce zai kai.

Sannan kowace sana'a tana da kakarta. Tela ya biya bayan ɗinkin Sallah ko na Kirsimeti, manomin rani bayan ya kwashe tumatir, dillalin dabbobi bayan Layya. Tunda katin na shekara guda ne, sabuntawa ma za ta riƙa faɗowa lokacin da aljihu ke da nauyi.

Ni Alhamdulillahi ina da hali. Kamfani mai zaman kansa bai fi ba?

Ta wani fannin ya fi. Kamfanonin da ake kira HMO, irin su Hygeia, AXA Mansard, Avon da Reliance, suna sayar da tsari hawa-hawa, mai tsada ya fi buɗe manyan asibitocin kuɗi da ɗaki na musamman. Sai dai kowane tsari yana da rufi, wato iyakar abin da za su kashe maka a shekara, kuma sau da yawa tiyata da haihuwa da ciwon da ka shigo da shi sai an yi watanni kafin su fara ɗauka. Yawancin asibitocinsu kuma a Legas da Abuja suka taru. Ka ce a nuna maka na Jos, ka je asibitin da kanka ka tambaya ko har yanzu suna karɓar katin kamfanin.

Alhaji, tunda Allah ya hore, ka tuna da yaran shago. Biya musu kati ya fi sauƙi a kan kiran waya da tsakar dare.

Wasu malamai sun ce inshora haramun ce.

Maganar tana da tushe, amma ba kowace inshora aka haɗa ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda garari, wato rashin tabbas, da ke cikinta, ta kuma halatta ta taimakekeniya, inda jama'a ke zuba gudummawa domin a ɗauki nauyin wanda lalura ta faɗa wa. Tsarin jiha da na tarayya asusun haɗaka ne, ba na neman riba ba, shi ya sa a Kano ma da sunan taimakekeniya aka san shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya kai wa malaminsa takardun tsarin ya karanta, kada ya kai masa sunan kawai.

Na biya, shekara ta ƙare ban yi ko ciwon kai ba. Za a mayar mini?

Ba za a mayar ba. Kuɗinka ya yi wa matar wani tiyata. Ka gode wa Allah da ba taka ba ce.

An ce mai kati sai an gama da masu kuɗi a hannu, kuma maganin da ake ba shi ba shi da ƙarfi.

Kukan farko akwai gaskiya a ciki, ni ma na taɓa zaman awa uku a wani asibiti ana jiran lambar amincewa daga kamfani kafin a yi wa ɗan'uwana hoto. Ga yadda abin yake. Asibitin da ka zaɓa ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kanka, ka zo ko ba ka zo ba. A tsarin tarayya naira 750 ce shekara da shekaru, magani na tashi ita tana nan, sai a 2024 aka ƙara. Asibitin da ke ganin yana asara dole fuskarsa ta canza. Idan kuma ciwon ya fi ƙarfinsa, sai ya tura ka babban asibiti kamar JUTH da ke Lamingo, wannan turawar ce ke buƙatar lamba, nan ne jinkiri ke shigowa.

Batun magani kuwa, abin da ake bayarwa shi ne wanda ke ɗauke da sunan sinadarin, ba sunan kamfani mai tsada ba. Idan mai rajistar NAFDAC ne, aikinsu ɗaya. A tsarin NHIA kana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin. Idan aka ce babu, ka je waje ka saya, kuma hakan ya zama kullum, ka riƙe takardar da rasit ka kai ƙara hukumar da ta ba ka kati. Kana da damar neman a sauya maka asibiti.

Me katin ba ya ɗauka? Kuma zan iya yi idan ciwo ya riga ya zo?

Ganin likita, gwaje-gwajen yau da kullum, maleriya, taifot, awo da haihuwa, kwanciya ta ƙayyadaddun kwanaki da tiyata da dama suna ciki. Fita ƙasar waje neman magani, tiyatar kwalliya da dashen ciki ba sa ciki. Wankin ƙoda da manyan hotuna irin su MRI wani ɓangare kawai ake ɗauka. Maganin tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki dama kyauta ne a asibitocin gwamnati, da kati ko babu.

Rajista kana kwance kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tsakanin biya da fara aikin kati akwai kwanakin jira. Ka sa a rubuta maka ranar da zai fara aiki da ranar da zai ƙare a bayan rasit.

To me zan riƙa idan zan je?

Lambar NIN ta kowane wanda za a yi wa rajista, hoton fasfo, takardar haihuwar yara, da lambar waya mai aiki. Ka je da sunan asibiti biyu a ranka, ko da na farko ba ya cikin jerin. Wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ka ba shi kuɗin a hannu zai gaggauta maka, ka wuce shi ka shiga ciki.