Ba da aron PlayStation ga binciken kimiyya

Lissafin gayya, ko aikin kwamfuta na haɗin gwiwar 'yan sa kai, wata dabara ce da masu bincike ke yanka babban lissafi gunduwa-gunduwa su rarraba ma mutane ta intanet, kowa na'ura tai ta yi nata kason ta maido da amsa. Kamar dai gayyar noma, gonar ta mutum guda ce amma kowa ya zo da fartanya tai. A 1999 irin wanga ya yi suna da SETI@home, mai tace siginar rediyo daga sararin samaniya, sai dai duk a kwamfutocin gida da na ofis. Shigowar na'urar gem cikin harkar ya zo ne da PlayStation 3.

Shirin da ya fi shahara shi ne Folding@home, wanda Vijay Pande ya kafa a Jami'ar Stanford ta Amurka cikin Oktoban 2000. Aikinsa kwaikwayon yadda furotin, wani sinadarin da ke gina jiki, ke naɗewa, don in naɗin ya karkace shi ke jawo cututtuka irin su Alzheimer da Parkinson da Huntington, har da wasu nau'in ciwon daji. A Maris ɗin 2007 Sony ta saka shi cikin PS3, mutum ya gama buga ƙwallo ya ajiye fad, sai na'urar ta jawo kasonta daga sabar Stanford ta yi ta lissafi na awoyi, a talabijin kuma kana ganin furotin ɗin yana murɗewa, da taswirar duniya mai ɗigo-ɗigon haske inda wasu na'urorin ke aiki. Ana ba da maki, mutane na kafa ƙungiyoyi suna gasa, amma ko kwabo ba a biya.

Me ya sa PS3 kaɗai? Saboda ƙwaƙwalwar da ke cikinta mai suna Cell, wadda Sony da Toshiba da IBM sunka haɗu sunka ƙera. Tana da babban sashe guda da ƙananan mataimaka takwas, a PS3 an kashe ɗaya, ɗaya na tsarin na'urar ne, shida sunka rage na aiki, kuma shidan nan sun ƙware wajen maimaita lissafi iri ɗaya da sauri, wanda shi ne ainihin abin da binciken furotin ke so. Ga kuma wata fa'ida, duk PS3 ɗin duniya kusan ƙira ɗaya ce, sau ɗaya za a rubuta manhaja ta hau ko'ina. A Satumban 2007 shirin ya haye petaflop guda, wato lissafi miliyan biliyan cikin daƙiƙa ɗaya, akasarin ƙarfin daga PS3, har littafin Guinness ya rubuta shi. Xbox 360 kuwa ba ta taɓa samun nata ba.

Akwai hanya ta biyu ta masu ƙwaƙwa. PS3 ta farko tana yarda a sa mata Linux, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, daga nan sai a ɗora BOINC, manhajar lissafin gayya ta Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, a shiga shiri irin PS3GRID na wasu masu bincike a Barselona. A Afrilun 2010 Sony ta toshe ƙofar Linux ɗin da sabuntawa ta 3.21. Shi ma Folding@home an cire shi daga PS3 a ƙarshen 2012, bayan sama da mutum miliyan 15 sun ba da awoyi fiye da miliyan 100. Lokacin katin hoto na kwamfuta ya riga ya wuce Cell nesa, PS4 ta zo da ƙwaƙwalwa irin ta kwamfutar yau da kullum, ba a sake maido shirin ba. Ko a 2020 da jama'a sunka yi dafifi a Folding@home don binciken korona har ƙarfin ya haye exaflop, wato petaflop dubu, da kwamfutoci anka yi.

A wajenmu kuwa gaskiya abin da kamar wuya ko a wancan zamani. Shiga shagon gem a Gusau ko Birnin Kebbi ka gani, PS na bisa kanta, yara sun yi layi kowa na jiran a ci mai fad ya karɓa, na'ura ba ta hutawa balle a ce ta ba da aron lokacinta. In an tashi dare kuma janareto ake kashewa. PS3 ta farko tana jan wajen wat 200 in tana aiki sosai, to wa zai ƙona fetur kwana guda don furotin ɗin da bai sani ba? Ga zafin Afrilu da ke haye digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, shi ya sa za ka ga mai shago ya cire murfin na'urar ya jingina mata 'yar fankar tebur. Data ba ita ce babbar matsala ba, kason da ake saukewa ba shi da nauyi sosai, wutar da za ta tsaya har a gama shi a mayar kafin wa'adi ya wuce ita ce babu.