Sukar gwamnati a Facebook: abin da sashe na 24 ya hana da abin da bai hana ba

Saƙon nan da ake ta turawa a zaurukan WhatsApp na Kano, wai duk wanda ya soki gwamna ko ɗan majalisa a intanet zai sha ɗaurin shekara uku, kuma za a haɗa da admin ɗin zauren, ya firgita mutane ba kaɗan ba. Har wasu sun kulle zaurukansu, admin kaɗai ke iya magana. Akwai ƙamshin gaskiya a saƙon, amma gishirin da aka ƙara ya fi yawa.

Dokar da ake nufi ita ce Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu dab da barinsa mulki. Ta hau kan kowa, ɗan jarida ne ko ɗalibi ko mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Yawancin sassanta a kan damfara da kutse da satar bayanai suke, babu mai jayayya da su. Rigimar a sashe na 24 take.

A yadda aka fara rubuta shi, sashen ya haramta tura saƙon ƙarya da nufin ɓata wa wani rai, ko zaginsa, ko sa shi damuwa, ko jawo masa ƙiyayya. To wane mai mulki ne za a soka ransa bai ɓaci ba? Shi ya sa aka yi ta amfani da shi ana kama 'yan jarida da masu rubutu a soshiyal midiya. A 2020 kotun ECOWAS ta yanke cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, ta umarci Najeriya ta gyara shi, ta kuma sake faɗar haka a 2022 a ƙarar da ƙungiyar SERAP mai fafutukar kare haƙƙin jama'a ta shigar. Sai a watan Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan gyaran.

Yanzu abu biyu ne suka rage a kashin farko na sashen. Ɗaya, tura batsa. Biyu, tura saƙon da mutum ya san ƙarya ne, da nufin haddasa karya doka da oda ko jefa rayuwar wani cikin haɗari. An cire zagi, an cire ɓacin rai. Hukuncin bai canja ba: tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. Wannan iyaka ce ta sama, ba wai dole kowa ya samu haka ba.

A lura da sharuɗɗan. Dole maganar ta zama ƙarya, dole mai gabatar da ƙara ya nuna ka san ƙarya ce, sannan ya nuna nufinka tada fitina ne. Idan ka rubuta cewa unguwarku ta daɗe ba ruwan famfo, ko ka tambayi inda kuɗin wata kwangila suka shiga, ko ka ce kwamishina kaza ya gaza, babu ko ɗaya da ya cika su. Amma ka ƙirƙiro cewa an kai hari Sabon Gari alhali ka san ba a kai ba, don mutane su fito da makamai, wannan ka faɗa ciki tsundum, kuma babu mai tausaya maka.

Barazana daban ce. Wanda ya tsoratar da wani da kisa ko duka ko garkuwa ta waya, kashi na biyu na sashen ya tanadar masa ɗaurin shekara 10 ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 25 ba. Shi kuwa admin, sashen bai ambace shi ba sam. Sai dai idan an nuna ya haɗa baki ko ya taimaka, kamar a kowane laifi.

Duk da haka ba zan ce a saki jiki ba. Dokar ba ta fayyace mene ne karya doka da oda ba, kuma kafin alƙali ya auna, ɗan sanda ne ke fara fassarawa. Mutum na iya yin makonni a Kurmawa ko Goron Dutse yana jiran beli a kan ƙarar da a ƙarshe za a kora. Ga shi kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'ar wannan doka, don haka a Kano an fi bin gajeriyar hanya, a kai mutum kotun majistare da tuhumar ɓata suna ko tada hankalin jama'a a ƙarƙashin Final Kod, wato kundin dokokin laifuka na jiha. Ta nan aka bi a watan Nuwamban 2022 aka yanke wa matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowannensu da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon barkwanci a kan gwamnan lokacin, Ganduje. Gyaran 2024 bai taɓa wannan ƙofa ba, kuma a ganina majalisar jiha ce ya kamata ta rufe ta, domin ɓata suna magana ce ta diyya tsakanin mutum biyu.

In har aka gayyace ka ofishin 'yan sanda a kan rubutu, sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru sai ka ga lauya, kuma ya ce a gurfanar da kai cikin kwana ɗaya muddin akwai kotu a tazarar kilomita 40. A cikin birnin Kano kuwa babu cajin ofis da zai ce kotu ta yi masa nisa.