Saye ko hayar jirgin ruwan shaƙatawa a Kaduna

Jirgin ruwan shaƙatawa shi ne wanda ake hawa domin shan iska da kallo, ba don fito, kamun kifi ko ɗibar yashi ba. Sunan ya haɗa kwale-kwalen katako da ake tuƙawa da filafili ko gora, da ƙaramin jirgin faiba, wato roba mai tauri, mai inji a baya, har zuwa manya masu ɗakin kwana irin na Legas da ƙasashen Turai. Mai sha'awar abin zaɓi biyu ne a gabansa: ya sayi nasa, ko ya ɗauki haya duk ranar da ya so fita. A Kaduna, kafin a taɓa maganar kuɗi sai an fara duba halin kogin.

Ruwan da za a hau

Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya ratsa birnin Kaduna, ya bi ta Zungeru da Wushishi, ya faɗa kogin Neja daura da Fategi, tafiyar kusan kilomita 550. Fuska biyu gare shi. Da rani ruwa yakan ja baya, duwatsu da tudun yashi su fito fili, har yara su riƙa tsallaka wasu wuraren da ƙafa. Farfelar inji kuwa da ta daki dutse sau ɗaya ta lanƙwashe. A watannin Agusta da Satumba sai ya cika ya batse, ya yi ja, yana tafe da itatuwa da tarkace, kuma ambaliyar 2003 da ta 2012 sun nuna wa unguwannin bakin kogi ƙarfinsa. Lokacin da ya fi daɗin yawo shi ne bayan ɗaukewar damina, ruwa ya lafa amma bai janye ba. Watanni ne ƙalilan.

Wanda ya tsaya a lambun Gamji, inda aka sake kafa gadar Lugard a 1954 bayan an ɗauko ta daga Zungeru, zai ga haka da idonsa idan ya je a Satumba ya koma a Maris. Ruwa mai faɗi da kwanciya sai a madatsai, irin Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi, Gurara a kudancin jihar, da Shiroro a jihar Neja. Waɗannan suna buƙatar izinin masu kula da su, da tambayar halin tsaron hanya kafin a tashi.

Saye

Kuɗin sayen jirgi somin taɓi ne. Gangar faiba ana ƙera ta a Nijeriya, galibi a Legas da garuruwan bakin teku, amma inji irin Yamaha, Suzuki ko Mercury daga waje yake zuwa, saboda haka farashinsa da na kayan gyaransa suna bin dala. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na shekarar, ɗawainiyar ta ƙara nauyi. Inji mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, yana iya shan lita 15 zuwa 20 a awa ɗaya idan aka sake masa wuta duka.

Kamfanonin inji sukan ce a yi sabis bayan awa 100 na aiki ko sau ɗaya a shekara, duk wanda ya riga zuwa. Wannan sharaɗi na biyu shi ne ke cin mai jirgin da ba ya fita. Fetur da ya daɗe a tanki yana daskarewa ya toshe kafireta. Akwai kuma wata 'yar roba mai fukafukai a ƙasan inji, ita ke jawo ruwan da ke sanyaya shi. Ajiya tana busar da ita, ruwa mai yashi irin na kogin Kaduna yana cinye ta. Alamar lafiyarta ita ce siririn ruwan da ke tsartuwa daga bayan inji. Da zarar ya ɗauke, a kashe nan take, in ba haka ba inji ya ƙone.

Sai wurin ajiya. Kaduna ba Legas ba ce, inda kulob ɗin masu jirage ya kafu tun 1932. A nan mai jirgi yakan ajiye shi a gida ƙarƙashin tampol, ya nemi amalanken ɗora shi da motar da za ta ja, da gangaren da zai saukar da shi ruwa. Maƙeran kasuwar Panteka za su iya haɗa amalanken, amma bakaniken da ya ƙware a injin jirgi ba a kowane layi ake samunsa ba. Masu harkar a Turai da Amurka sukan ƙiyasta ɗawainiyar shekara da kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin saye.

Duk da haka saye yana da daɗinsa, kuma ba ƙarami ba ne. Mai jirgi ya san tarihin injinsa, ya san rigunan kariya daga nutsewa nawa ke ciki da girman kowace, yana fita da iyalinsa cikin sutura ba tare da cakuɗa da baƙi ba.

Haya

Haya iri biyu ce a duniya. Akwai wadda ake damƙa wa mutum jirgi ya tuƙa da kansa, kamar yadda aka saba a gaɓar Girka da Kuroshiya, inda ake neman lasisi da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Akwai kuma haya da matuƙi, wadda ita aka sani a ƙasar nan, daga tafkin Jabi a Abuja har bakin kogunan Arewa. Ana biya a kan awa, zagaye ko yini.

Wannan ta biyun ita ta fi dacewa da yawancin mutanen Kaduna, domin abin da ake biya ba katako da inji kaɗai ba ne, har da sanin ruwa. Matuƙin da ya tashi a bakin kogi yana gane dutsen da ke ɓoye daga yadda ruwa ke murɗawa a kansa, ya san gurbin da masu yashi suka haƙa bara. Sabon mai jirgi ba ya samun wannan a kasuwa. Shi ya sa al'adar sallama da Sarkin Ruwa da masunta kafin shiga baƙon ruwa take da amfani har gobe.

Illar haya ita ce abin da aka tarar shi ake hawa. Mai ɗauka ya leƙa ƙasan jirgi ya ga ko ruwa na taruwa, ya sa a tayar da inji a gabansa, ya tabbatar akwai filafili ko da inji zai mutu, ya ƙirga riguna da kawuna.

A fiƙihun Malikiyya haya halal ce matuƙar an fayyace kuɗi da lokaci ko nisan tafiya. Risalar Ibn Abi Zaid ta kawo cewa mai jirgi ba ya cin kuɗinsa sai ya isar da abin da ya ɗauko, kuma wanda ya ɗauki kaya haya ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa, ana gaskata shi sai in ƙaryarsa ta bayyana. Sakaci da wuce iyakar da aka yi sharaɗi kuwa suna jawo biya.

Doka da rai

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, wadda aka kafa da dokar 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ita ke rajistar jirage da ba matuƙa lasisi. Ta wajabta rigar kariya, ta hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare. Ba a kafa waɗannan don wasa ba. A Nuwamba 2021 jirgin da aka cika maƙil ya kife a Ɓagwai ta jihar Kano da ɗaliban Islamiyya a ciki. A Yuni 2023 fiye da mutum 100 'yan biki suka rasu a yankin Fategi cikin tafiyar dare. Wanda ya sayi jirgi ya ɗora wa kansa amanar duk wanda ya hau.

Yadda ake lissafi

A tara kuɗin sabis, gyara, rajista, ajiya da faɗuwar darajar jirgi na shekara guda, a raba da yawan ranakun da aka tabbatar za a fita, ba waɗanda ake buri ba, sannan a ƙara man kowace fita. Idan, alal misali, jimillar ta kai kuɗin haya ashirin, mutum kuwa sau shida yake zuwa ruwa, to kowace fitarsa ta ninka haya fiye da sau uku. Saye yana biyan kansa ne ga mai gida ko gona a bakin ruwa, ko mai otel da wurin shaƙatawa da zai riƙa bayar da jirgin haya.

Akwai hanya ta tsakiya, wato abokai uku ko huɗu su haɗa kuɗi su saya tare. Tana rage nauyi, amma sai an rubuta komai gaban shaidu: wa ke da jirgi ranar Sallah da bayanta, wa zai biya idan farfela ta karye, gidan wa za a ajiye shi, da yadda za a yi wa rabon wanda ya so fita kuɗi.