Bayanan gwamnati kan fansho, nakasa da haƙƙin magada

Bayanan gudanarwa na fansho su ne abin da hukumomin gwamnati ke rubutawa suna ajiyewa a yayin da suke biyan mutane haƙƙinsu, wato kuɗin ritaya, da kuɗin wanda nakasa ta hana shi aiki, da abin da ake ba iyalan ma'aikacin da ya rasu. Asali an tara su ne don a san wa za a biya kuma nawa, daga baya ne masu bincike suka gano amfaninsu, tunda fayil ɗaya na iya bin mutum tun albashinsa na farko har ranar da ya bar duniya, abin da mai yawo da fom gida-gida ba zai taɓa samu ba.

Amurka ce ta fi shahara a wannan fanni. Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu kan dokar Social Security, wato dokar da ta kafa tsarin fansho na gwamnatin ƙasar, ranar 14 ga Agusta 1935, a 1936 aka fara raba wa ma'aikata lamba, a 1939 aka shigar da matan mamaci da marayu, sai 1956 aka ƙara masu nakasa. Hukumar da ke riƙe da tsarin, SSA, tana da manyan fayiloli: Numident mai ɗauke da suna da ranar haihuwa da ta mutuwa, Master Earnings File mai albashin kowace shekara, da Master Beneficiary Record na waɗanda ake biya. Akwai kuma samfurin kashi 1 cikin 100 da ake zaɓa ta lambobin mutane, shi ya sa mutanen nan dai ake bi shekara da shekaru, kuma nan ne daɗin abin yake.

Misali a 2016 masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa sun haɗa bayanan haraji da na mace-mace daga SSA, suka buga a mujallar likitanci ta JAMA cewa tsakanin kashi 1 mafi arziki da kashi 1 mafi talauci akwai tazarar tsawon rai ta shekara 14.6 a maza, 10.1 a mata. Amma fa ba haka kawai ake miƙa wa mutum fayil ba, sai ka rubuta me za ka yi da shi, a cire sunaye, sau da yawa ma a kwamfutar da aka killace za ka yi aikin kuma a duba sakamakon kafin ka fita da shi.

A Najeriya bayanan a rarrabe suke. Dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ita ta kawo asusun ritaya na kowane ma'aikaci ƙarƙashin kulawar hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ma'aikaci na zuba kashi 8 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10. Tsofaffin 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari suna hannun hukumar da ke biyansu, PTAD, diyyar rauni ko mutuwa a bakin aiki kuma tana wajen asusun inshorar ma'aikata, NSITF, bisa dokar diyyar ma'aikata ta 2010. Ɗalibin digiri na uku a ABU Samaru abin da ya fi saurin samu shi ne rahoton da PenCom ke fitarwa duk wata uku, jimilla ce dai ba bayanin mutum ɗaya-ɗaya ba, shi bayanin mutum ɗaya-ɗaya dokar kare bayanai ta 2023 ta sa masa sharuɗɗa.

Raunin irin waɗannan bayanai a fili yake. Ranar haihuwar da ke cikin fayil wani lokaci daga takardar rantsuwar kotu ta fito, kuma kowa ya san yadda ake rage shekaru a can. Mutum ya rasu da asuba kafin azahar an kai shi makwanci, ba wanda ya tuna da takardar shaidar mutuwa sai ranar da magada suka tashi neman garatuti, kenan ranar mutuwar ma tana iya shiga a makare, wannan na cikin dalilan yawan kiran 'yan fansho tantancewa. Babbar matsalar kuwa ita ce wanda bai taɓa karɓar albashi ba babu shi a ciki sam, mai ɗinkin babbar riga a cikin birni, ɗan tireda a kasuwar Sabon Gari, manomin masara a Giwa, duk fayil bai san da su ba, don haka sakamakon da aka fitar daga nan na ma'aikata ne kawai ba na jama'ar gari ba. A 2019 PenCom ta ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar kansu don su ma su fara shiga rajista.