Idan za a dawo da tsohuwar motar gudu, me ake ɗauka, me ake bari?

A 'yan shekarun nan kamfanonin mota sun shiga tono sunayen da suka daɗe da binnewa. Renault ya dawo da Alpine A110 a 2017, Toyota ya dawo da Supra a 2019, Lamborghini ya fito da sabuwar Countach a 2021, Nissan kuma ya sake wa motarsa Z fuska irin ta 1969. Duk wadda ta fito sai gardama ta tashi tsakanin masu cewa an kwaikwayi tsohuwar fiye da kima da masu cewa an ci amanarta. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan batun.

Tun da tsohuwar ce mutane ke so, me ya hana a sake ƙera ta yadda take?

Doka ce ta farko. Motar 1965 ba za ta tsallake gwajin karo na yau ba. Ana buƙatar gaban mota ya iya lanƙwashewa ya shanye ƙarfin bugu, ginshiƙan da ke riƙe da rufi su yi kaurin da za su ɗauki nauyin motar idan ta kife, a samu wurin jakunkunan iska a sitiyari da gefe. A Turai har wanda ke tafiya a ƙasa an yi wa tanadi: ana son bonet ya zama yana da ɗan sarari tsakaninsa da inji, kuma kada gaban mota ya kasance da kaifi. Wannan na cikin abin da ya kashe fitilun nan masu ɗagowa daga cikin bonet kamar mai buɗe ido, waɗanda aka san Countach da su. Corvette da Lotus Esprit na 2004 su ne na ƙarshe-ƙarshen manyan motocin da suka zo da irinsu. Sai dokar hayaƙi, wadda ta sa tsohon inji mai kafireto ba shi da wurin zama.

Na biyu shi ne mai sayen kansa. Yana yabon tsohuwa da baki, amma ba zai zauna a motar da ba ta da na'urar sanyaya ciki ba, kuma yana son kansa kada ya riƙa dukan rufi. Ford GT40, wadda ta ci gasar Le Mans sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969, tsayinta daga ƙasa zuwa rufi inci 40 ne kacal, daga nan ma ta samo lambar da ke sunanta. Sai da aka yi wa Dan Gurney, dogon direba, ɗan tudu a rufin tasa don hular kwanonsa ta samu wuri. Da Ford ya dawo da ita a 2005 da sunan Ford GT, ya ɗaga ta zuwa kusan inci 44, ya ƙara mata tsawo da faɗi daidai gwargwado, yadda ido ba zai lura ba sai an jera su.

To me masu zanen ke ɗaukowa daga tsohuwar?

Abu biyu ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Akwai alamomi: siffar fitila, layin da ke tsakiyar bonet, tambari, launin fenti. Waɗannan su ke fitowa a hoto, su ne kuma mafi sauƙin kwaikwayo. Akwai kuma tsayuwar motar: tsawon bonet idan an gwada shi da ɗakin direba, inda tayoyi suka zauna, yadda rufi ke gangarowa baya. Mutum kan gane mota daga nesa da dare ta wannan tsayuwar, tun bai ga fitila ko tambari ba. Ita ce mai wuya, domin ba alƙalamin mai zane ke yanke ta ba, wurin da inji da tankin mai da kujeru suka zauna ne ke yanke ta.

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Jika yana iya ɗauko hancin kakansa da idanunsa, amma waɗanda suka zauna da tsohon halinsa suke nema a wurin yaron. A ganina nan ne ake rabuwa tsakanin dawowar da ta yi ma'ana da wadda ado ce kawai.

Wace mota ce za a ce ta dace da wannan ma'aunin?

Alpine A110. Jean Rédélé, dillalin motocin Renault a garin Dieppe da ke arewacin Faransa, shi ya kafa Alpine a 1955. A110 ta asali ta fito a farkon shekarun 1960, aka ci gaba da ƙera ta har 1977. Ba ta da wani babban inji. Da na Renault 8, motar talakawa, ta fara, an maƙala shi can bayan tayoyin baya. Sirrinta rashin nauyi: bodin faiba ne, duk motar ba ta wuce kilo 700 da wani abu ba. Da wannan ta kwashe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku a tseren Monte Carlo na 1971, ta maimaita a 1973, shekarar da ta ci kofin duniya na farko na tseren rali. Sunan Alpine ya kwanta a 1995.

Da aka nuna sabuwar a baje-kolin motoci na Geneva a 2017, kowa ya gane ta nan take: fitilu huɗu a gaba, ƙashin nan da ya ratsa tsakiyar bonet, gilashin baya da ya naɗo zuwa gefe, shuɗin fentin Faransa. Amma injiniyoyin sun yi abin da mai kwaikwayo tsantsa ba zai yi ba. Sun ɗauke injin daga wutsiya suka matso da shi tsakiya, bayan kujeru, suka kai tankin mai gaba don nauyi ya rabu kusan kashi 44 gaba, 56 baya. Sun bar faiba suka koma alminiyam. Giyar hannu ma ba su sa ba, otomatik ce mai hawa bakwai. Wato a takarda kusan babu abin da ya rage na tsohuwar.

Abin da suka riƙe da haƙori shi ne nauyi. Motar ta fito da kusan kilo 1,100, ƙasa da kishiyarta Porsche Cayman da fiye da kilo 200. Kujera ɗaya kilo 13 ce da ɗoriya. Birkin ajiye mota ma an haɗe shi cikin birkin baya don a rage 'yan kiloli. Saboda haka injin lita 1.8 mai ƙarfin doki 252, wanda ba abin fahari ba ne a cikin motocin gudu, ya ishe ta kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 4.5. Kuma tun da ba ta da nauyi, ba a buƙaci taurara mata shokozoba ko faɗaɗa taya ba, sai take bin hanya da laushi kamar ta da. An shimfiɗe ƙarƙashinta don iska ta danne ta ƙasa, shi ya sa ba a ɗora mata fiffike a baya da zai ɓata siffar ba. Gordon Murray, wanda ya zana McLaren F1, da kuɗinsa ya sayi ɗaya. A Dieppe ɗin dai aka ƙera ta, a masana'antar da ta ƙera tsohuwar.

Nissan Z fa? Ai an ce sabon bodi ne kawai a kan tsohuwar mota.

Akwai gaskiya a ciki. Shasin da ke ƙarƙashinta na 370Z ne da aka gyara, wadda ta fito tun 2008. Kamfanin ba shi da kuɗin gina sabo dungurungum saboda motar da 'yan dubbai kawai za a sayar. Sai dai wannan ya zo da alheri ɗaya: tsarin inji a gaba, tuƙi da tayoyin baya, dogon bonet da gajeriyar wutsiya, shi ne dama tsarin Datsun 240Z ta 1969, wato Z ta farko, motar da ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 da 1973. Tsayuwar tana nan, ba sai an ƙago ta ba.

Masu zanen ba daga mota ɗaya suka ɗebo ba. Gaban da layin rufin na 240Z ne, fitilun baya kuwa na 300ZX ce ta 1989. Inda aka fi sukar su shi ne bakin motar, wani babban rami mai kusurwa huɗu. Tsohuwar ma tana da irinsa, amma bambar ƙarfe ta raba shi biyu, sai ido bai ga girmansa ba. Yanzu babu bambar ƙarfe, ga kuma inji mai turbo biyu da ƙarfin doki 400 da ke buƙatar iska fiye da na 240Z mai doki 150. Ga misalin inda aka ɗauko alama daidai, amma ta fito daban saboda abin da ke kewaye da ita ya canja. Motar ba ta shiga kasuwar Turai ba saboda dokar hayaƙi.

Shin waɗanda suka zana tsofaffin suna jin daɗin wannan?

Ba duka ba. Marcello Gandini, wanda ya zana Countach ta asali da aka fara nunawa a 1971, ya fito fili a 2021 ya nesanta kansa daga sabuwar. Hujjarsa ita ce duk aikinsa ya ginu ne a kan yin abin da ba a taɓa gani ba, don haka maimaita tsohon zane ya saɓa wa ruhin motar. Hujja ce mai ƙarfi. Abin da ya sa Countach ta zama Countach shi ne ta firgita mutanen zamaninta. Motar da aka yi don ta tuna wa mutum ƙuruciyarsa ba za ta firgita kowa ba. Sabuwar a kan Aventador, wata motar Lamborghini, aka gina ta, guda 112 aka ƙera, kuma duk an saye su. Kasuwa ba ta saurari Gandini ba, amma hakan bai rushe maganarsa ba.

Me ya sa aka yi ta cewa sabuwar Supra ba Toyota ba ce?

Domin da BMW aka haɗa gwiwa. Injinta da shasinta iri ɗaya ne da na BMW Z4, kuma a garin Graz na Ostiriya aka harhaɗa su biyun. Dalilin Toyota shi ne an san Supra da inji mai silinda shida a jere, shi kuwa ya daina ƙera irinsa, BMW ne ke da shi. Sai ya zaɓi ya riƙe tsarin injin ya sadaukar da asalinsa. Masoyan tsohuwar kuwa ba tsarin kawai suke ƙauna ba, injin 2JZ ɗin kansa suke ƙauna, wanda makanikai ke ninka wa ƙarfi ba tare da ya fashe ba. Ƙorafi na biyu, rashin giyar hannu, kamfanin ya saurare shi ya ƙara ta a 2022.

Me ya sa ba a jin irin wannan gardama a kan Porsche 911?

Ba ta taɓa mutuwa ba. Tun 1964 ake sayar da ita, ana canja ta kaɗan-kaɗan, ido yana sabawa. Duk da haka da aka sauya siffar fitilunta a 1997 an yi ta gunaguni, har aka dawo da masu zagaye a 2004.

Idan sunan kawai aka ɗauko fa?

Shi ne mafi araha, kuma shi ya fi ɓata wa masoya rai. Mitsubishi ya ɗora sunan Eclipse a kan ƙaramar jif, Ford ya kira wata doguwar motar lantarki Mustang Mach-E, a 2024 kuma ya yi wa Capri haka. Wataƙila motocin suna da kyau a karan kansu. Sai dai suna jari ne da ake cirewa daga asusu, kuma irin wannan cirewar ba a mayar da komai.

Akwai kuma akasin haka, inda aka yi zanen daidai amma ba a kai shi kasuwa ba. Duk wanda ya san Fijo 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna zai so ya ga e-Legend, samfurin da Peugeot ya nuna a Paris a 2018. Ba daga 504 ta gida ko ta haya aka ɗauko ta ba, daga ƙanwarta mai ƙofa biyu ce, wadda gidan zane na Pininfarina ya tsara, wadda kuma ta ci tseren Safari a 1978. Jama'a sun yi ta roƙo a ƙera ta, ba a ƙera ba.

Lantarki zai sauƙaƙa wannan aiki ko zai ƙara masa wuya?

Ta fuskar siffa zai sauƙaƙa. Babu babban inji, babu dogon salansa, lagireto ma ƙarami ne, don haka mai zane yana da 'yancin sauke bonet ƙasa yadda yake a da. Matsalar batir ce. Idan aka shimfiɗa shi a ƙarƙashin kujeru, direba ya ɗaga sama, rufi ya bi shi, tsayuwar motar gudu ta lalace. Ga kuma nauyi. Alpine ya gwada wannan a 2022 da wani samfurin A110 na lantarki, ya raba batirin gaba da baya don kujeru su zauna a ƙasa, amma motar ta tashi kusan kilo 1,380, wato an ƙara mata nauyin manya uku ko huɗu. Ga motar da duk sunanta a kan rashin nauyi ya ginu, wannan ba ƙaramin bashi ba ne.

Sai batun ƙara. Dodge ya sa wa Charger ɗinsa ta lantarki ta 2024 lasifika a baya da ke kwaikwayon rurin inji. Wasu masu saye na son hakan. Ni dai ina ganin wannan ma alama ce irin ta fitila da tambari, an ɗauke ta ne kawai daga ido an mayar kunne, kuma kamfanin da kansa bai dogara da ita ba, domin ya fitar da wata Charger ɗin mai injin fetur a cikin bodi iri ɗaya.