Mece ce "vegan", kuma me ya raba ta da barin cin nama kawai?

Kalmar "vegan" ta fara yawa a jikin kwalayen madara da cakulan da man shafawa da ake shigowa da su daga Turai, haka nan a bakin masu koyar da girki a TikTok da Instagram. Da yawa sun ɗauka tana nufin mutumin da ba ya cin nama. Rabin zancen ke nan. Wanda ya bar nama da kifi amma yana shan nono, yana cin ƙwai, shi Turawa ke kira "vegetarian". Ɗan vegan ya zarce nan, domin duk abin da ya fito daga jikin dabba ya ƙaurace masa: ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, ko zuma ba ya lasa, wai ƙudan zuma don kansu suka tara ta. Masu riƙo da abin sosai ba sa saka takalmin fata ko tufafin ulu da siliki, ba sa shafa man da aka gwada a jikin dabbobi.

A Ingila kalmar ta samo asali. A watan Nuwamba na 1944 wani malamin koyar da aikin katako mai suna Donald Watson, shi da wasu 'yan tsiraru, suka ware daga sahun masu barin nama suka kafa ƙungiyar Vegan Society. Rigimar a kan nono da ƙwai ce. Hujjarsu ita ce saniya ba ta kawo nono sai ta haihu, kuma a gonakin kasuwanci ana raba ta da ɗan maraƙinta tun yana jariri, in namiji ne ƙarshensa mahauta. A harkar ƙwai kuma, 'yan tsaki maza ba su da amfani ga mai gona, don haka a manyan wuraren ƙyanƙyasa ake hallaka su ranar da suka fito. Sai a 2022 Jamus ta hana wannan da doka. Ra'ayin kansa ya girmi sunan nesa ba kusa ba: makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham, Abul Ala'i al-Ma'arri, wanda ya rasu a 1057, ya yi shekaru ba ya taɓa nama ko nono ko ƙwai ko zuma.

Saboda haka aƙida ce kafin ta zama tsarin cin abinci. A watan Janairun 2020 wata kotun ma'aikata a Norwich ta Ingila ta yanke cewa wannan aƙida tana cikin waɗanda doka ta hana a muzguna wa mutum a wurin aiki saboda su. Wanda ya kwana a kan tuwo da miyar kuka saboda nama ya fi ƙarfin aljihunsa bai zama ɗan vegan ba. Gobe a ba shi tsire zai karɓa hannu biyu.

Daga baya wasu suka shigo ta ƙofar muhalli. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwon dabbobi na haddasa kusan kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya wadda ɗan Adam ke fitarwa. A ganina wannan hujja ta fi cizo a inda ake sare daji a Burazil don kiwo, ko ake cusa dubban kaji a keji. Ɗora ta kai-tsaye a kan makiyayin da ke bin garkensa a dajin da ko gero ba ya yi, akwai rashin adalci.

Batun lafiya kuma sai an yi hattara. Wake da gyaɗa da waken suya da ganye suna iya riƙe jiki, amma bitamin B12 ba a dogara da tsirrai wajen samun sa. Dole ɗan vegan ya sha ƙwayarsa ko ya ci abincin da aka ƙara wa shi, in ba haka ba ƙarancin jini da lalurar jijiyoyi na iya biyo baya, musamman ga mai ciki da mai shayarwa da yara. Tambarin "vegan" a jikin kwali kuma ba shaidar gina jiki ba ne, tunda lemon kwalba da soyayyen dankali ma ba dabba a cikinsu.

Abin dariya, abincin da ake saye da tsada a Landan da wannan suna yana nan a bakin titinmu. Awara ita ce abin da suke kira tofu. Ga ƙosai, ga alala, ga ɗan wake da man gyaɗa, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ga kunun aya, muddin ba a jefa ƙwai ko busasshen kifi ko madara ba.

Mai saye ya lura da abu ɗaya: "vegan" ba ta nufin halal. Gaskiya ne kayan da ke ɗauke da ita ba su da alade ko gelatin, sinadarin nan da ake tatsa daga fata da ƙashi a saka a alewa, amma giya daga inabi da hatsi ake yin ta, don haka tana iya shiga miya ko cakulan kuma tambarin yana nan daram. Sai an juya kwalin an karanta jerin kayan haɗin.